Farin allin nan da masu aski ke dangwala wa mutum idan reza ta yanke shi, wai me ke cikinsa?

Ɗan Sabon Gari: Slm jama'ar gida, tambaya gareni ga masana. Jiya da yamma naje gyaran fuska, yaron shagon yana cikin fitar min da layi da reza sai ya ɗan kwashe ni a ƙasan kunne, ba wani babban yanka bane amma jinin yaƙi tsayawa, ya danna tishu ya ɗaga, ya danna ya ɗaga, abu dai sai tsattsafowa yake har ya ɗiga a wuyan farar shaddata. Sai ogansa ya ja durowa ya ɗauko wani abu kamar allin makaranta, ya tsoma kansa a ruwa ya dangwala min. Wlh saida na ɗaga daga kan kujera don raɗaɗi, kamar an murza min barkono, amma kafin in gama salati jinin ya ɗauke ɗif. Na karɓa na duba jikin robar, an rubuta styptic pencil, a ƙasa kuma aluminum sulfate 56%. Tun jiya abin ke damuna, wai aluminiyam ɗin da ake tukunya da kwanon rufi dashi ne aka cusa min a cikin ciwo?

Na Baya Ka Sha Kallo: To ai ka more, yanzu ko ruwan sama aka yi wuyanka bazai yi yoyo ba hhhh

Jikan Wanzamai: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, alimun ne, sun dai ɗinka mishi riga sun ƙara mishi kuɗi. Mu gadonshi munka yi. Kakana a cikin zabira tai ba ka rasa abu ukku, aska da dutsen washi da ɗan guntun alimun ƙulle cikin tsumma. In ya gama aski sai ya jiƙa shi ya bi kan mutum da shi duka, ko an yanke ko ba a yanke ba. Har yau shi nika amfani da shi, na ɗari biyu sai ya kai ni wata da watanni.

Maman Ihsan: Au wai alimun ɗin da muke jefawa a randa idan ruwan 'yan garuwa yazo da laka? Ikon Allah. Mu a gidanmu ma alif ake ce masa.

Malamin Kimiyya: Wanzami ka faɗi gaskiya amma bari in ɗan ƙara gishiri. Su biyu ne, kamar wa da ƙane. Wancan dutsen mai kama da ƙanƙara da ake samu wurin 'yan koli, shi ne alimun na asali, a cikinsa akwai fotashiyam da aluminiyam da salfet, kuma kusan rabin nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙwayar dutsen, shi yasa idan ka ɗora shi a kan murfin gwangwani a wuta zaka ga ya narke yana kumfa, daga baya ya koma farin abu fayau mara nauyi. Shi kuma allin da aka dangwala wa mai tambaya aluminiyam salfet ne babu fotashiyam, an matse shi ya zama sanda, yawanci ana haɗa shi da titaniyam dayoksaid, wani farin gari ne da ake sawa a fenti da wasu mayukan goge baki, shi ke ba shi wannan farin na alli, ba shi da aikin tsayar da jini. Lambar 56 da ka gani ba haka kawai suka rubuta ba, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ƙayyade cewa irin wannan allin ya ƙunshi aluminiyam salfet tsakanin kashi 46 zuwa 63 cikin ɗari. Allin yafi dutsen ƙarfi, yafi shi zafi kuma, shi yasa dutsen ake iya shafe fuska duka da shi, allin kuwa kan yankan kaɗai ake ɗigawa.

Maganar tukunya kuma, ba ƙarfen aka goga maka ba, gishirinsa ne. Gishirin miya ma ai sodiyam ne da kilorin, sodiyam shi kaɗai in ka jefa a ruwa wuta yake iya kamawa, kilorin kuma iska ce mai guba, amma da suka haɗu gashi kullum muna barbaɗawa a miyar kuka.

Ɗan Sabon Gari: Malam ngd, hankalina ya ɗan kwanta. Amma ta yaya yake tsayar da jinin, ƙona wurin yake ko me? don ni dai ƙuna naji

Malamin Kimiyya: Ba ƙuna bace, bauri ne. Ka taɓa tauna ayabar da bata nuna ba, ko ka lasa bagaruwa, kaji bakinka ya tattare, yawu ya ɗauke, harshe yayi kaushi? To abinda ya faru a bakinka shi ne ya faru a wuyanka. Jini da naman wurin cike suke da furotin, shi kuma aluminiyam ɗin da ya narke a ruwa da zarar ya taɓa furotin sai ya dunƙule shi, fatar wurin ta tsuke, 'yan ƙananan hanyoyin jinin da reza ta buɗe su toshe da wannan dunƙulen. Raɗaɗin kuma saboda ruwansa yana da tsami, ga shi ya sauka kan buɗaɗɗen nama.

Mai Awarar Layinmu: Kai Malam yanzu na gane. Ai mu ma idan ruwan tsami ya yanke mana, ɗan alimun muke jiƙawa mu zuba a madarar waken suya tana tafasa, nan take zaka ga ta tsinke, awara ta haɗe gefe ruwa yayi gefe. Sai dai in hannunka ya zarce awarar tayi bauri yara su ƙi saye

Malamin Kimiyya: Hajiya kin ma fini iya bayani, wlh gobe da wannan misalin zan shiga aji. Aikin ɗaya ne. Na randar Maman Ihsan ma ɗan'uwansa ne, yana tattara ƙananan ƙwayoyin laka su yi nauyi su kwanta a ƙasa, kuma shi wannan aluminiyam salfet ɗin da buhu-buhu ake zuba shi a matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa. Amma a lura, ruwa ya kwanta ya yi garau ba yana nufin ƙwayar cuta ta mutu ba, shi yasa a matata bayan alimun sai an bi da kilorin.

Anti Nas: Yauwa Malam ka kawo ni inda nake jira. Tun ɗazu nake karantawa ina cije baki. Ni ba abinda ke cikin allin ne ya dameni ba, tambayata ga mai tambaya ita ce, kafin a dangwala maka, wuyan mutum nawa wannan allin ya taɓa? Daga durowa aka ɗauko shi, ya sha jininka, aka mayar durowa, anjima wani ya zauna a yanke shi a ɗauko. Kowa ya iya cewa a sa masa sabuwar reza, har a ɓare ta a gabansa, amma babu mai kallon allin ko dutsen, alhali shi kai tsaye cikin jini ake sa shi. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko jinin ya bushe, kuma tafi ƙwayar HIV saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Masu ɗauke da ita da yawa basu ma sani ba, garau suke yawo sai bayan shekaru hanta ta fara kumbura.

Ɗan Sabon Gari: Innalillahi, Anti kin dawo min da damuwar da Malam ya cire

Jikan Wanzamai: Hajiya Nas da girmanki, amma nan kam ban yarda ba duka. Alimun da kanshi maganin ƙwayar cuta ne, shi yasa mutane ka shafa shi a hammata wari ya ɗauke. Kuma ni duk wanda na goga ma sai na ɗauraye dutsen da ruwa, saman ya narke ya tafi, mi ya rage? Shekara nawa kakanninmu na yin haka, gari bai ƙare ba.

Anti Nas: Baba wanzami Allah ya ja da rai, ban raina sana'a ba, mu ma kanmu wanzami ne ya yi wa ƙannena aski ranar suna. Gaskiya ne alimun yana hana wasu bakteriya yaɗuwa, shi yasa yake rage warin hammata. Amma hana bakteriyar gumi sakewa daban, kashe bairos ɗin hanta daban, babu asibitin da ke tsaftace almakashi da alimun. Ɗaurayewar da kake yi tafi babu, na yarda, sai dai dutsen nan idan ya kwana biyu duba shi da kyau, duk tsaguwa ne da ƙananan ramuka, jini yana shiga. Su kakanni kuma ai ana ta mutuwa da kumburin ciki da shawara ana cewa sammu ne, waye ya gwada jininsu balle a san daga ina abin ya fito.

Na Baya Ka Sha Kallo: Ku dai ma'aikatan asibiti komai sai kun tsorata mutane, yanzu aski ma sai da fargaba. Abinda Allah ya rubuto ai ba makawa

Baban Khalifa: A'a malam, a ɗaure raƙumi sannan ayi tawakkali. Ni dai tunda aka gwada wani abokin aikina aka ce yana da ciwon hantar nan, da kilifata nake zuwa shago a leda, har dariya suke min.

Anti Nas: Kuma gyaran ba tsada ne dashi ba, shi ne abin haushin. Baba wanzami, daka alimun ɗin zaka yi ya zama gari ka zuba a kwalba mai murfi, duk wanda aka yanka ka ɗan zazzaga a kan sabuwar auduga mai laima ka danna masa ka yar. Hannu baya komawa cikin kwalbar, jini baya taɓa sauran. Turawa ma da suka gane haka sai suka fito da wani kamar ashana, kowane tsinke da ɗan maganin a kansa, a karya ɗaya ayi amfani a jefar. Wanda kuma yake aski a gida ya sayi nasa shi kaɗai, kamar buroshin baki. Sannan don Allah manya aje a gwada jini ayi rigakafin ciwon hanta, allura uku ce cikin wata 6. Sai a 2004 aka sa ta cikin rigakafin jarirai a Najeriya, duk wanda ya girmi haka yawanci bai samu ba sai in shi ya nema.

Jikan Wanzamai: To maganar garin nan kam ta shige ni, wannan ba wuya. Amma ba don kin kada ni ba hwa, don masu zuwa wurina su samu natsuwa ne

Anti Nas: Hhhh na yarda Baba, kai ka ci

Ba-Damagare: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku daga Zinder. Nan ma wajen kwafer (masu shagon aski) da wanzamai duk ana aiki da shi. Abinda zan ƙara, wannan dutse da kuke gani kamar ba komi ba, a da dukiya ce ta fatauci, kuma ƙasarmu na cikin masu fitar da shi. Yankin Kawar can arewa maso gabas wajen Bilma, mutane gishiri da dabino kawai suka sani, amma masanin ƙasa Al-Idrisi tun ƙarni na 12 ya ambaci alimun na Kawar da ayari ke ɗauka zuwa Masar da Magrib. Larabawa shabb suke ce mishi.

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne, kuma ba don aski ake wannan wahalar ba, don rini ne. Alimun ke sa launi ya kama zare kar ya zuba, musamman ja da rawaya. Turai ta daɗe tana sayensa daga yankin Turkiyya ta yau, da Daular Usmaniyya ta ci Kustantiniya a 1453 sai abin ya koma hannunta, kwatsam a farkon shekarun 1460 aka gano shi a Tolfa kusa da birnin Rum, Fafaroma ya riƙe cinikin ya ma hana Kiristoci saye wurin Turkawa. Dutsen da Baba wanzami ke saye na ɗari biyu kenan.

Maman Ihsan: To kenan 'yan marinar Ƙofar Mata ma dashi suke aiki?

Malamin Kimiyya: A'a, shi baba, wato shunin da suke rini da shi, baya buƙatarsa, da toka ake tada shi, hanyarsa daban ce gaba ɗaya.

Admin: Malam da Ba-Damagare, daga yankan reza kun kaimu Rum, a dawo gida don Allah

Ɗan Gareji: Ni fa duk wannan dogon turanci ne, mu a gareji in abu ya yanke ka man birki zaka tsiyaya, yanzu jini ya tsaya. Ko kanwa ma ai inaga zata yi tunda kamarsu ɗaya da alimun ɗin

Malamin Kimiyya: Kama da wane bata wane. Kanwa kishiyar alimun ce, ita sodiyam kabonet ce galibi, ɓangaren toka da sabulu take, shi kuma ɓangaren tsami yake. Ita laushi take sa abu, ba ka ga ana jefa ta a wake don ya dahu da wuri ba, kuɓewa kuma ta ƙara yauƙi? Abinda ke saki ai bazai tsuke maka ciwo ba, sai dai ya ci fatar.

Anti Nas: Man birki kuma don girman Allah ku daina. Sinadarin gilaikol ne, guba ne, an yi shi don mota. Zafin da kake ji naman wurin ne ke lalacewa, jinin kuma da ka danne da tsumma mai tsabta da kansa zai tsaya. Haka masu zuba fetur, da garin batir, da ƙasa, da toka, da yanar gizo-gizo, duk mun gansu, sai ciwo ya ruɓe a kawo mana. Ita ƙasa ma ta nan tetanus ke shiga, mutum muƙamuƙinsa ya sandare ko cokali bazai shiga ba.

Ɗan Gareji: Toh Anti an ji, amma ogana shekara talatin yana yi

Baban Khalifa: Tunda Malam ya ambaci bagaruwa, ita fa? naga tsofaffi suna barbaɗa garinta a ciwo

Malamin Kimiyya: Ita nata baurin daga wani sinadari mai suna tanin yake zuwa, ba aluminiyam ba, amma shima furotin yake kamawa. Da shi majema ke jeme fata, ka ga ɗanyar fatar akuya da zata ruɓe cikin kwana biyu ta zama jemammiyar fata mai shekaru. Turawa ma suna da tasu bagaruwar, wani itace na Arewacin Amurka da suke kira witch hazel, ruwansa na cikin mayukan bayan aski da yawa. Matsalar garin bagaruwa ba aikinta bane, inda aka shanya ta da turmin da aka daka ta ne, kan buɗaɗɗen ciwo kana iya kai datti da hannunka.

Akwai kuma masu ƙarfi da ba na shagon aski bane. Likitocin fata suna amfani da ruwan aluminiyam kilorayid bayan sun ɗan yanki fata don gwaji. Akwai ruwan Monsel, sunan wani mai haɗa magani na sojan Faransa ne na shekarun 1850, shi gishirin baƙin ƙarfe ne, ruwan ƙasa-ƙasa, yana tsayar da jini sosai amma yana iya barin tabo mai duhu, irinsa ne a cikin garin da masu karnuka ke sawa idan sun zarce wurin yanke farce. Kar wani ya gani a shagon magungunan dabbobi yace ya samu na aski. Sai kuma tsinken silba naitiret, to shi ne mai ƙuna ta gaske, yana baƙanta wurin, hannun ma'aikacin lafiya kawai ya dace da shi.

Ɗan Zongo Kumasi: Ni a nan sifirit kawai barbana ke fesa min, shima ai yana tsayarwa ko?

Anti Nas: Sifirit tsaftacewa yake, baya tsayar da jini, raɗaɗin ne ke sa mutane zaton aiki ɗaya suke. Kuma fesa shi fis ɗaya a bakin kilifa a kunna laita wuta ta tashi ta mutu cikin daƙiƙa biyu, wannan burga ce kawai, gashi da jini na nan maƙale tsakanin haƙoran, sai an goge da buroshi an wanke tukuna.

Maman Ihsan: Anti tambaya, Baban su Ihsan an ɗora shi kan asfirin kullum saboda zuciya, in ya yanke wurin gyaran gemu sai jinin ya daɗe yana bi. Zai iya amfani da alimun ɗin? kuma naji ana cewa aluminiyam na kawo ciwon mantuwa

Anti Nas: Zai iya, in ɗan ƙwarzanen reza ne. Amma ya fara da dannewa da auduga ko tsumma mai tsabta, ya riƙe kamar minti biyar ba tare da ɗagawa yana leƙe ba, wannan ɗaga-dannan da yaron shago ya yi wa mai tambaya shi ke ɓalle ɗan daskarewar da jini ya fara. Ruwan sanyi ma na taimakawa. In an danne minti 10 zuwa 15 bai tsaya ba, ko yankan ya buɗe baki, ko jinin na tsartuwa, ba maganar alimun bace, asibiti za a tafi, musamman masu shan wafarin (maganin hana jini daskarewa) ko wanda dama jininsa baya daskarewa. Kuma kar ya daina asfirin ɗinsa saboda aski sai da izinin likitansa. Kar a sa kusa da ido, kar a sa a babban ciwo. Maganar mantuwa an daɗe ana bincike ba a tabbatar aluminiyam ke kawo ta ba, kuma ɗan abinda zai shiga ta yankan reza bai taka kara ya karya ba. Masu ciwon ƙoda mai tsanani ne ake ce wa su kula da duk abu mai aluminiyam, don ƙoda ce ke fitar dashi.

Ɗan Sabon Gari: Jama'a na dawo da rahoto. Na biya kasuwa na sayo alimun dunƙule guda, na fasa biyu, rabi na ajiye a banɗaki rabi a aljihun jaka don zuwa shago. Na banɗakin na barshi a cikin kwanon sabulu da ɗan ruwa a ƙasa, da safe na tarar saura kamar ƙwayar gyaɗa

Jikan Wanzamai: Hhhh ai ba a barin shi cikin ruwa yaro, in ka gama ka share shi ka aje wuri busasshe

Ɗan Sabon Gari: An koya Baba. Saura shaddar, har yanzu ɗigon jinin na nan a wuya, mai wanki yace zai gwada da ruwan zafi

Mai Awarar Layinmu: Kai maza kira shi ka hana shi! ruwan zafi dafa jinin zai yi ya zauna daram kamar awara. Ruwan sanyi da ɗan gishiri zai jiƙa ta tukuna, sannan sabulu, kuma kar ya kuskura ya sa mata dutsen guga sai tabon ya fita

Ɗan Sabon Gari: Wayarsa a kashe, bari in hau mashin